Na kai ƙarar jakata shafin kamfani a X, ga abin da na gani

Jakata ta yi ɓatan dabo a hannun wani babban kamfanin jiragen sama da ba zan kama sunansa ba. Kwana biyu ina kiran layinsu, sai kiɗa suke sa mini har kunne ya ɗau zafi. Na tura imel, shiru kamar an shuka dusa. Ƙanwata ce ta ce, "Yaya, ka rubuta a X mana, ka ambace su kowa ya gani."

Layi uku na rubuta, na haɗa da hoton takardar kaya. Minti 9 sai ga amsa, da tambarin kamfanin da alamar shuɗi, ana ba ni haƙuri, ana neman lambar wayata da ta katin banki wai za a biya ni diyya. Har na fara rubuta lambar sai idona ya kai kan sunan: an ƙara harafi ɗaya a ƙarshe. Ashe 'yan damfara ne ke faƙon masu ƙorafi. Tun bayan da Elon Musk ya sayi Twitter (wato X na yanzu) a Oktoban 2022, alamar shuɗi ta zama abin da kowa zai iya biya ya samu, kamfanonin da aka tantance kuwa ruwan zinare ake ba su. Ban san haka ba sai ranar.

Amsar gaskiya ta zo bayan kusan rabin awa, kuma ba laifi, akwai ladabi. Sai dai abu ɗaya suke so: in koma saƙon sirri. A ganina saurin nan ba don ni ba ne, don idon jama'a ne. Mutum ɗaya yana kuka a waya babu mai jinsa, amma a shafi dubbai na kallo, har da abokan hamayya. Da zarar sun ja ka gefe, asiri ya rufu, sai tafiyar ta koma ta hawainiya.

Daga nan aka miƙa ni WhatsApp, inda na'ura ta tarbe ni: danna 1, danna 2. Sau uku tana tambayata lambar tikitin da na riga na ba ta. A nan na koyi wani abu mai amfani. A tsarin WhatsApp na kamfanoni, awa 24 suke da ita daga saƙonka na ƙarshe su yi maka magana yadda suka ga dama, in ta wuce sai dai saƙon da aka riga aka tsara. Shi ya sa kullum da safe nake tura "ina labari?" don kada ƙofar ta rufe.

A rana ta huɗu na dace da mutum. Wata ma'aikaciya ce, ta karanta duk abin da ya gabata ba tare da ta sa na maimaita ba, ta ce an saka wa jakar lambar wani jirgin ne bisa kuskure, ta faɗi ranar da za ta iso. Kuma jakar ta iso a ranar, ƙafarta ɗaya a karye.

Washegari suka turo in ba su maki. Na ba su uku cikin biyar, biyu daga ciki na matar nan ne. Maganar ƙafar jaka kuwa, na'urar ta sake neman lambar tikiti.