System Restore da rikabarin kamfani ba abu ɗaya bane, kar ka danna F11 tukuna

Malam ka ce tsohuwar laptop ɗinka HP mai Windows 7 ta fara kawo shuɗin allo tun da ka saka mata wata direba (manhajar da ke sa Windows ta iya aiki da wani sashe na kwamfutar), wani ya ce ka danna F11 kayi rikabari, kana tambaya shin shi ne System Restore kuma fayilolinka zasu ɓace? To dakata da F11 ɗin nan tukuna dan Allah, abubuwa biyu ne daban mutane ke kiransu da suna ɗaya, kuma ɗaya daga cikinsu idan ka bi shi har ƙarshe yana share komai.

Na farko System Restore, wannan na Windows ne da kansa, tun Windows ME a 2000 yake nan. Aikinsa ya mayar da saitin kwamfuta da direbobi da manhajoji yadda suke a wata ranar baya, hotunanka da takardunka baya taɓa su. Windows 7 tana ajiye wurin komawa, wato kwafin saitin kwamfutar na wannan ranar, duk lokacin da za ta saka sabuntawa ko direba, idan an yi kwana 7 ba a ajiye ba ta ajiye da kanta. In kwamfutar tana buɗewa ka danna Start ka rubuta rstrui ka danna Enter, zaka ga jerin ranaku, ka zaɓi wadda ta riga ranar da matsalar ta fara, akwai ma maɓallin Scan for affected programs da zai nuna maka manhajojin da zasu tafi kafin ka amince. In kuma bata buɗewa sam, ka kunna ta kana ta danna F8 kafin tambarin Windows ya fito, baƙin allo mai farin rubutu zai bayyana, ka zaɓi Repair Your Computer, System Restore yana ciki. Bambanci ɗaya, wanda aka yi daga cikin Windows ana iya warware shi in bai yi amfani ba, wanda aka yi ta F8 ko Safe Mode (yanayin buɗe Windows da abubuwan dole kawai) babu warwarewa, sai dai ka sake zaɓar wata rana.

Na biyu shi ne na kamfanin da ya ƙera kwamfutar. Suna ɓoye wani yanki a cikin hadis (hard disk, ma'ajiyar fayilolin kwamfuta) wanda ke ɗauke da kwafin Windows yadda aka fito da ita daga masana'anta, kowane kamfani da maɓallinsa, HP F11, Acer Alt da F10, Asus F9, Samsung F4, Toshiba ka riƙe 0 sannan ka kunna, Lenovo da yawa akwai ɗan ƙaramin maɓalli a gefe mai suna Novo. Wannan ba gyara yake yi ba, rushe gini ne a sake sabo. Takardu, hotuna, manhajojin da ka saka, kalmomin sirri da ka adana a burauza, duk sun tafi. Wasu suna tambayarka ko zaka kwafe fayiloli kafin a fara amma ni ban yarda in jingina da wannan ba, kwafe kayanka da hannunka zuwa filash ko hadis na waje, ka buɗe su a wata kwamfutar ka tabbatar sun shiga.

Kuma ga abinda ba a cika faɗa ba, bayan ka gama zaka samu kanka da Windows 7 ta shekarun baya, Internet Explorer 8 ko 9 da baya buɗe yawancin shafukan yanzu, sabuntawa ɗaruruwa babu su, ga Microsoft ta daina tallafa wa Windows 7 tun 14 ga Janairu 2020, burauzar Chrome ma a siga ta 109 ta tsaya mata. Don haka ka sauke burauza ka ajiye a filash tun kafin ka fara, in ba haka ba ko hanyar sauke ta sai ta gagare ka.

Matsalarka dai ta direba ce kuma ka san ranar da ta fara, System Restore aka yi dominta, gaskiya ban ga dalilin share kwamfuta gaba ɗaya akan direba ɗaya ba. Rikabarin kamfani sai in ba ka samu rana ko ɗaya a jerin ba, ko bairos ya ci ta sosai domin yana iya laɓewa cikin wuraren komawar ma, ko kuma zaka bayar da ita ga wani.

Wataƙila ma F11 ɗin bazai yi komai ba, tsofaffin kwamfutoci da yawa an taɓa yi musu fomat an goge yankin. Ka rubuta diskmgmt.msc a Start ka duba ko akwai yanki mai suna Recovery, in babu sai faifan Windows ko filash, da lambar lasisin da ke manne a ƙasan laptop ɗin, ka ɗau hotonta tun bata goge ba. Ka jona caja duk wanda zaka yi, kar wuta ta ɗauke a tsakiya. Sannan ka kasa kunne kusa da ita, in kana jin hadis na ƙas ƙas ƙas to shi ne ke mutuwa, babu ɗaya cikin biyun da zai gyara wannan, kwashe fayilolinka yau ka nemi wani hadis ɗin.