Ya iya ba da labari, amma ya sa ɗiyata ta tambaye ni ko mu ne miyagun

Littafin nan na labarin zamanin da wanda ake ta saya wa yara bana, mai hoton yaro bisa jaki a bango, kada wani ɗan Maraɗi ya miƙa wa ɗansa shi bai fara karanta babi na shida ba. Kun san inda ake saida shi, cikin babbar kasuwa wajen masu kaye da littattafan addini. Daga Kano yake shigowa ta Jibiya da Ɗan Isa, kuɗin ma kun sani, da an juya naira zuwa sefa sai a ɗora maka abin da aka ga dama. Ban tsaya ciniki ba, don ɗiyata da ke CM2, ajin ƙarshe na firamare, ta daɗe tana mita, wai duk abin da suke karantawa a lakwal da Faransanci ne, babu guda da ke magana irin ta gidanmu.

Ƙagaggen labari ne aka jingina shi da tarihi. Wani yaro ne a ƙauyen ƙasar Katsina, zamanin da Ɗan Baskore ke sarautar Maraɗi, yaƙi ya raba shi da uwarsa. Farkonsa kam babu laifi. Akwai inda yaron ke koyon ƙirgar wuri a kasuwa, da inda ya bi ayarin fatake masu ɗauko goro daga Gwanja. Yarinyar ce ke karanta wa ƙannenta bayan isha'i, tana ɗan tuntuɓe don ba ta saba da bokon Hausa ba, amma ko autana da bai iya zama wuri guda sai ya natsu.

Da aka kai babi na shida sai na ji muryarta ta yi ƙasa, can kuma ta yi shiru. Ta taso ta same ni da littafin a buɗe ta ce, "Baba, wai mu ne miyagun?" Na karɓa na duba. Mahayan da suka faɗa wa ƙauyen yaron da asuba, ashe mutanen Maraɗi ne. Mai zane ya yi su da jajayen idanu, fuska duk a rufe, suna cinna wa rumbuna wuta. Na ci gaba da juya shafi har ƙarshe ina neman inda wani Bamaraɗe guda zai buɗe baki ya yi magana irin ta ɗan Adam. Babu. Ba su da suna, ba su da mata da 'ya'ya, ba wanda ke salla cikinsu, aikinsu ihu da kamun bayi. Alhali a ɗaya ɓangaren har jakin yaron sai da aka raɗa wa suna! Wallahi daren nan raina ya ɓaci ƙwarai.

Ni ban ce a ɓoye wa yara gaskiya ba. Ɗan Baskore ya yi sarauta sama da shekara 20, har zuwa 1875, kuma ya kai hare-hare ƙasar Katsina da gaba da ita, an ƙone garuruwa, an kama mutane. Kowane tsoho a nan ya san haka, maroƙan fada ma da shi suke kirari. Abin da ya ƙona mani rai shi ne babu ko layi guda da ya gaya wa yaro daga ina waɗannan mahaya suka fito. Katsinawa ne fa. A 1807 ne mutanen jihadi su Umarun Dallaji suka ci birnin Katsina, sarki Magajin Halidu ya fice, ya rasu a Ɗankama. Ɗan Kasawa ya ja sauran jama'a zuwa Damagaram, suka yi zaman gudun hijira, kafin wajen 1819 ya zo ya kafa gadon sarautar a Maraɗi. Shi ya sa har gobe sarkinmu Sarkin Katsina ake ce masa, kuma ga Ƙaura ga Galadima ga Durɓi ga Yanɗaka a fada, sarautun da aka taho da su daga can. A idon mutanen nan gidansu suke yaƙin komawa. Ko ka yarda da hujjarsu ko ba ka yarda ba, marubuci mai adalci ya sa ta a bakin wani.

Kuma ba ɓangare guda ne ya sha wuta ba. A 1836 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya murƙushe rundunar Gobirawa da Katsinawan Maraɗi a Gawakuke, Sarkin Gobir Ali da Rauda na Maraɗi duk nan suka kwanta dama. Bayan nan ne Gobirawa suka kafa Tsibiri, ga ta nan kusa da mu. Baturen nan Barth, wanda ake kira Abdulkarim, da ya bi ta Tasawa da Gazawa a 1851 ya tarar da tsakanin Gazawa da Katsina ya koma daji saboda yaƙin. Talakan arewa da talakan kudu duk gudu suke. Yaro ɗan shekara 11 yana iya fahimtar wannan sarai, raina masa hankali ne a ce sai an raba masa duniya gida biyu, na kirki da na banza.

Ina cikin wannan dogon bayani, na ga yarinyar ba ta ma biye da ni, sai Hajiya, kakar yarinyar, ta ɗaga murya daga ɗakinta. "Ke kishiya, zo nan. Gwaggonki da ke aure a Jibiya muguwa ce? Kawunanki na Katsina da muke zuwa wa biki fa?" Yarinyar ta ce a'a. Hajiya ta ce, "To waɗanda suka kai harin da waɗanda aka kai wa, duk jininsu na jikinki. Je ki ƙarasa wa yara labarinsu." Ta juya gare ni ta ce in bar yarinya ta sarara, ba ita ta rubuta ba.

Ta kuwa ƙarasa, kuma nan ne zan yi wa marubucin adalci. Mutumin ya iya riƙe yaro. Ranar da aka zo inda yaron ya gane uwarsa ta waƙar daka da take yi, har uwar 'ya'yan sai da ta share hawaye. Hausarsa mai daɗi ce, ba irin ta fassara ba, karin magana kaɗan kuma inda ya dace. Tun daga nan yarinyar ta addabi mushensu da tambaya kan Ɗan Kasawa, ta sa na kai su ƙofar fada ran Juma'a su ga dogarai da masu algaita, abin da ban taɓa tunanin yi ba. Littafin da ya sa yaro ya bar wayar uwarsa ya koma tambayar kakanni ba a kiransa asara. Har na fara gaya wa abokaina a majalisa su saya.

Sai dai da na zauna na sake bin babin ƙarshe, inda aka kawo yaron Maraɗi a ɗaure, haushin ya dawo sabo. An zana garin bisa tudu, tituna a miƙe, ga itatuwan bedi a jere. Haba malam! Tsohon Maraɗi cikin fadama yake, bakin Gulbi, sai bayan ambaliyar 1945 aka hau da shi tudu. Bedi kuwa zamanin Turawa ya shigo ƙasar nan, Ɗan Baskore bai taɓa shan inuwarsa ba. Daga Katsina zuwa nan kusan kilomita 100 ne, da marubucin ko mai zanen ya shigo mota ya zauna da tsoho guda a unguwar Mokoyo ko Limanci, da duk wannan bai faru ba. Ka ga kenan ba ƙiyayya ba ce kaɗai ta hana mu baki a littafin, har da rashin damuwa a zo a tambaya, kuma ni wannan ya fi ci mani rai.

Ɗinkin ma ba shi da ƙwari, tsakiyarsa ta riga ta zazzago, sai da na kai wa tela ya bi shi da zare. Mai shagon ya ce kashi na biyu na tafe bayan salla. Na ce ya aje mani guda, amma a nan gabansa zan buɗe in karanta inda Maraɗi ta fito kafin in zaro ko dala.