G.I. Jane ko Gunjan Saxena: wanne za ki kalla da 'yarki?

Hajiya, kin ce 'yarki ta gama sakandare ta kafe sai aikin soja, kina tambaya wanne cikin finafinan nan biyu zai fi nuna mata abin da ke gabanta. Na kalli duka biyun, na Indiyan ma tare da ƙanwata a gidanmu a nan Kurna.

G.I. Jane na Amurka ne, ya fito a 1997, kuma ƙirƙirarren labari ne. Ƙarfinsa yana wajen nuna yadda horo ke murƙushe mutum ya sake gina shi: tsawa, rashin barci, ruwan sanyi, laifin mutum ɗaya a hukunta kowa. Wannan sashen ya yi kusa da abin da waɗanda suka bi ta Defo na Zariya, inda ake horar da sabbin sojoji, ke faɗa. Amma abin da ya tsaya mini a rai shi ne inda jarumar ta ɗauki injin aski ta kwashe gashinta tas da hannunta. Wato ba za a karɓe ta ba sai ta koma kamar namiji. Akwai ashar da duka a ciki, kada ki kunna a gaban yara.

Gunjan Saxena kuwa na 2020 ne, an gina shi kan rayuwar matuƙiyar jirgi mai saukar ungulu da ta yi aiki a yaƙin Kargil na 1999 tsakanin Indiya da Pakistan. A wannan fim, gidansu ne tushen labarin. Yayanta soja ne amma yana hana ta, mahaifinta, shi ma soja, shi ya tsaya mata. Da ta isa sansani babu banɗakin mata, babu inda za ta canza kaya, har jirgi ya tashi ya bar ta. Nan ƙanwata ta yi tsit, don ta taɓa aiki a wurin da sai ta riƙe fitsari har ta dawo gida. Wannan fim bai ce mace ta zama namiji ba, tambayarsa ita ce: me ya sa aka gina wurin kamar ba za ta taɓa zuwa ba? Sai dai ki sani rundunar sojan saman Indiya ta yi ƙorafin an zuzuta wariyar.

Yanayinmu a Najeriya ya fi kama da na fim na biyun. Sai a 2011 NDA, makarantar horar da hafsoshin soja ta Kaduna, ta fara ɗaukar mata a kwas ɗin hafsoshin yaƙi, a 2019 kuma marigayiya Tolulope Arotile ta zama mace ta farko mai tuƙa jirgin yaƙi mai saukar ungulu a ƙasar nan.

Shawarata ku kalli na Indiyan, kuma don Allah ki sa Alhaji ya zauna ku kalla tare. Na Amurkan ki fara duba shi ke kaɗai, sannan ki nuna mata wuraren horon.