Shagon da aka faɗa mini gaskiyar wayata a Ikeja

Ƙanina ya aiko mini da Samsung daga Amurka, ta hannu ce amma tas da ita. Na sa layina, ta ƙi karɓa. Ranar Talata na bar wa yaro rumfar albasa a Mile 12, na hau danfo zuwa Computer Village, kasuwar wayoyi da kwamfuta ta Ikeja a Legas, inda 'yan kamasho ke jan rigar mutum tun daga bakin titin Otigba.

Wani matashi ɗan Zariya na samu, shagonsa bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba. Ya danna *#06#, lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, ta fito, ya duba ta a kwamfuta. Ya ce, "Alhaji, wayar nan bashi ce, wata-wata ake biyanta, kuma ba a gama ba. Kamfanin layin can ne zai buɗe ta idan an kammala biya. Zan iya yi mata dabara, amma ranar da ka sabunta manhaja tana iya sake kullewa, kuɗinka ya tafi a banza."

Wallahi wannan maganar ce ta saye ni. Ko kwabo bai karɓa na dubawa ba.

A wurinsa na ɗauki itel mai layi biyu, a gabana ya yanke ledar kwalin, ya rubuta rasit. Batirinta na kai ni kwana biyu ko babu wuta. Hoton dare dai dishi-dishi, kuma bidiyon WhatsApp na saurin cika ta. Samsung ɗin tana cikin akwati, ƙanina ya ce saura wata huɗu ya gama biya.