Square Books: Kantin Littattafan da Ke Bakin Dandalin Oksfod ta Misisipi

Duk wanda ya ji an ce Oksfod, hankalinsa Ingila zai tafi, amma akwai wata ƙaramar Oksfod a arewacin jihar Misisipi da ke kudancin Amurka, inda jami'ar jihar ta fara karɓar ɗalibai a 1848. Na isa garin ne a tsakiyar watan Afrilu, lokacin da muke fassarawa da bazara, ko da yake tasu ba ta da alaƙa da zafin da muka sani kafin saukar damina. Sanyi ya ja da baya, itatuwa sun yi sabon ganye, furanni farare da jajaye sun cika ƙofar kusan kowane gida, sannan wata ƙura ruwan ɗorawa da ke zubowa daga itatuwa takan lulluɓe motoci, ta sa baƙo atishawa har ya gaji.

A tsakiyar garin akwai dandali mai kusurwa huɗu da ya kewaye farin ginin kotun gundumar Lafayet, kuma a wata kusurwarsa kantin Square Books yake. Richard Howorth da mai ɗakinsa Lisa ne suka buɗe shi a 1979, suka dawo ginin da yake ciki yanzu, wanda a da kantin magani ne, a 1986. Daga baya Howorth ya riƙe kujerar magajin garin daga 2001 zuwa 2009.

Ƙasan kantin bai bambanta sosai da sauran kyawawan kantunan littattafai ba, sai dai yawan kwafin da marubuta suka sa wa hannu. Abin da ya kamata mutum ya yi shi ne ya hau bene. Bangon matakalar cike yake da hotunan marubutan da suka taɓa zuwa karatu a wurin, an jera su kusa da kusa har da kyar ake ganin fenti. A sama akwai sashen adabi da tarihin kudancin Amurka, da kantoci da aka ware wa William Faulkner, marubuci ɗan garin da ya ci kyautar Nobel ta adabi ta 1949, sai ɗan wurin sayar da kofi, sai kuma doguwar baranda mai kallon titi. Wannan barandar ita ce ta saye ni. Na zauna a can fiye da sa'a biyu da kofi ɗaya da littafi ɗaya, iska mai daɗi tana kaɗawa, ɗalibai suna kai da kawowa a ƙasa, kuma babu ma'aikacin da ya leƙo ya nuna mini cewa na daɗe. Da na tambayi wata ma'aikaciya abin da zan karanta game da shigar James Meredith jami'ar a 1962, wato baƙar fata na farko da ya yi karatu a cikinta, ba ta duba kwamfuta ba, kai tsaye ta kai ni gaban wata kanta ta zaro littattafai biyu, ta faɗa mini wanda ya fi sauƙin karantawa.

Sabon littafi mai kauri yana da tsada a ko'ina cikin Amurka, musamman ga wanda zuciyarsa ke juya dala zuwa naira, saboda haka mai ƙaramin ƙarfi gara ya taka zuwa reshensu na Off Square Books, inda ake samun masu rangwame. Akwai kuma reshen yara, Square Books Jr., duk a dandalin.

Shawarata ita ce a zaɓi ranar zuwa da kyau. A ƙarshen Afrilu ake bikin Double Decker, wanda ya samo sunansa daga bas mai hawa biyu da garin ya sayo daga Ingila, kuma a ranar dandalin yakan cika maƙil da masu kiɗa, masu zane da masu sayar da abinci, wurin ajiye mota kuwa sai wanda ya yi sammako. Mai son shagali ya zo a lokacin, amma mai son kujera a baranda ya zo da hantsin ranar aiki, idan ya sauko ya taka da ƙafa zuwa Rowan Oak, gidan da Faulkner ya saya a 1930, ya bi ta tsakanin dogayen itatuwan da suka yi layi biyu har bakin ƙofa.