Kafin Marka Ta Kankama: Wayar Jona Batir Ko Na'urar Tayar Da Mota?

Duk mai mota a Kano ya san halin watan Agusta. Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, ka kunna fitila da waifa kana jira a gefen titi ya tsagaita, ka zo murza makulli batir ya ce bai san zance ba. Tocila, igiyar jan mota da ruwan sha duk suna da muhalli a but, amma abin tayar da mota ne gaba da su.

Turi a bar maganarsa, mota mai atomatik ba ta tashi da turi. Wayar jona batir tana da araha, sai dai tana buƙatar wata motar. Wa zai tsaya maka a Titin Zariya ƙarfe goma na dare ana zabga ruwa?

Ni na'urar tayar da mota nake so, wadda ta yi kama da babban fawa bank. Ka maƙala jar wayarta a kan fulos ɗin batir, baƙar a kan mainos, ka tayar da motarka kai kaɗai. Ka nemi mai bolt 12, wadda ke yin ƙara idan an juya wayoyin. Yawancinsu suna da tocila, suna kuma cajin waya. Ka riƙa yi mata caji duk bayan wata biyu ko uku. Zafin Afrilu, da ke wuce digiri 40 a garin nan, yana kumbura batirin litiyam da ke cikin na'urar, don haka kada a bar ta cikin motar da ta yini a rana.

Sai maganar jabu, wadda ta ci ni. Bara na sayi wayar jona batir mai kauri kamar yatsa, mai shagon yana cewa, "Alhaji, wannan ko tirela za ta tayar." Ranar da na buƙace ta, zafi kawai ta ɗauka har robar ta yi laushi. Da bakanikena ya yanka ta, roba ce zalla, da 'yan siraran zaren alminiyam da aka shafa wa launin jan ƙarfe. Na'urorin ma haka ake yi musu: a buga manyan lambobi a kwali, ka ɗaga ka ji ta sakayau. Ko a Ƙofar Ruwa za ka saya ko a Sabon Gari, ka tafi da bakanikenka, a gwada ta a motar da batirinta ya yi sanyi. Idan mai shago ya ƙi a gwada, ka mayar da kuɗinka aljihu.