Kan batir ya narke: a zuba masa dalma ko a sayi sabo?

Ɗan'uwa direba, na ga tambayarka. Ka ce Hiace ɗinka da ke jigila tsakanin Damagaram da Magarya ta ƙi tashi da safe, ka buɗe ka tarar kan batir na wajen alamar + ya narke, ya zubo kamar kyandir. Wani ya ce ka kai a zuba maka sabon kai, wani ya ce sai sabon batir, kana son sanin wanne ya fi.

Kafin mu auna su, ka san cewa dalmar da ake yin kan batir da ita ba ta narkewa sai zafi ya kai digiri 327. Zafin watan Afrilu na garin nan, duk da yakan haura 40, ba shi ya yi maka wannan ɓarna ba. Batirin mota volt 12 ne kawai, amma lokacin da ka murza makulli demarer, wato na'urar da ke tayar da inji, na jan wuta ta ɗaruruwan amfiya, injin gazuwal ma ya fi ci. Idan mariƙin da ke damƙe kan batir, wanda 'yan garaji ke ce wa kos, ya yi sako-sako, ko farin garin nan da kore da ke taruwa a kan batir ya shiga tsakaninsu, duk wutar sai ta matse ta bi ta ɗan wurin da ya rage. Nan zafin ke taruwa. Hanya mai gargada na kwance noti a hankali, mu kuma sai mu cusa ƙusa ko guntun gwangwani, mu doka da dutse, mu ce ta kama. Ni ma na yi haka a hanyar Tanut, kuma kan batirin nan bai ƙara sati biyu ba. Cikin abubuwan da ke narkar da kai akwai kuma sufana da ke haɗa + da jikin mota, da murza makulli ba ƙaƙƙautawa ga injin da ya ƙi tashi.

Zuba dalma ya fi araha nesa ba kusa ba, kuma a yini ɗaya ka koma bakin aikinka. Amma aikin na mai hannu ne. Dole ya kankare kututturen da ya rage har ya yi ƙyalli, ya narkar da samansa tare da sabuwar dalmar su zama abu guda. Wanda ya ɗora mazubi ya kwarara dalma a kan datti zai ba ka kai mai kyan gani, alhali a ciki ba su haɗu ba, kuma daidai wurin ne zai sake ɗaukar zafi. Ka lura da kaurinsa ma: kan + ya fi na – kauri, in an zuba shi siriri kos ba zai damƙe ba. Abin da ya fi damuna shi ne wuta kusa da batir. Batir na fitar da iskar haidurojin, musamman in daga caji aka sauke shi, kuma tartsatsi ɗaya ya isa ya fasa shi, ruwan asid ya watsu a fuska. A cire shi daga mota, a buɗe murafunsa, a bar shi ya sha iska a fili, kai kuma ka ja baya daga hayaƙin dalma.

Sabon batir kuɗi ne masu nauyi, amma ya raba ka da duk wannan kasada. Idan robar da ke kewaye da kan ta ƙone ko ta tsage, ko kan na motsi in ka girgiza shi, ko cikin batirin ya kumbura, kada ka ɓata ko dala a gyara. Haka in ya tsufa har kana tura mota da safe tun kafin wannan matsala.

Ka sa a auna shi da mita. Batir mai lafiya da ya cika caji yakan nuna wajen volt 12.6, kuma lokacin tayar da inji bai kamata ya faɗi ƙasa da 9.6 ba. In ya ba da haka, jikinsa kuma lafiya lau, ni zan zuba kai. In ka ɗauki fasinja zuwa nesa, irin Agadas, inda tsakanin gari da gari ba mai taimako, sabo zan saya ko da mitar ta ce lafiya.

Kowanne ka zaɓa, tsohon kos ɗin ya tafi, kuma a feɗe wayar a duba. In tagullar ta yi baƙi ko kore a yanke har inda take ja. A duba wayar mas, wato ta –, inda ta kama jikin mota. Wajen kwancewa a fara da –, wajen ɗaurawa shi ne na ƙarshe. Farin garin kuma ruwan kanwa ko bikarbonat na wanke shi, sai dai kada ya shiga cikin batir. A ɗaure noti da sufana har kos ya ƙi juyawa da hannu, a shafa ɗan girisi a sama. Bayan an tayar da mota ka taɓa kan: in da ɗumi, ka koma wurin makaniki kafin ka shiga tasha.